ZAUREN 'YAN MATA: Tsakanin "China" da "china", da Abin da ke Cikin Kabad Ɗin Amarya

   

A wannan fitowar za mu tsaya ne a kan wata 'yar kalmar Turanci mai baƙi biyar kacal, wadda tambayoyi suka yi ta zuwa mana a kanta, musamman daga ɗalibanmu na Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne, sun ci karo da kalmar china a littafin karatu an rubuta ta da ƙaramin baƙi, har an ce wai wata mata ta wanke ta, ta goge, ta jera a kabad. To, ta yaya mace ɗaya za ta wanke ƙasar Sin ɗungurungum ta jera? Ko kuwa mai buga littafin ne ya yi kuskure?

Babu kuskure ko kaɗan. Kun yi kyau da kuka tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Ku gyara zama, don maganar za ta ɗauke mu daga aji zuwa Birnin Sin, ta biyo da mu ta Ƙanƙara, sannan ta sauke mu a tsakar ɗakin amarya, inda nake da wata magana da ke da kuma Inna.

MA'ANAR KALMAR

Idan kika ga China da babban baƙi, ana nufin ƙasar Sin. Idan kuwa kika ga china da ƙaramin baƙi a tsakiyar jimla, to tangaran ake nufi, wato farantai da kofuna da butar shayi da kwanukan miya irin fararen nan masu santsi da ƙyalli, waɗanda iyayenmu suka yi wa laƙabi da faɗi-ka-mutu. A baki duka ɗaya ne, "caina" ake cewa. A rubuce ne kawai suka rabu.

Dalili kuwa shi ne, mutanen Sin ne suka fara gano yadda ake yin tangaran, kuma sun fi shekara 1,000 suna yin sa. Fatake suka riƙa ɗaukarsa ta jirgin ruwa da ta ayari zuwa Farisa da ƙasashen Larabawa. Mutanen Farisa suka kira shi "cini", Larabawa suka ce "sini", wato ɗan ƙasar Sin. Da ya kai hannun Turawan Ingila su ma sai suka riƙa cewa kayan China, yau da gobe har sunan ƙasar ya zama sunan kayan. Mu ma muna yin haka. Ai kin san atamfar da ake kira holan, sunan ƙasar Holan ne ya bi ta, haka nan turmin da ake ce wa ingila. Kin ga ke nan Bature bai zo da sabon abu ba.

YADDA ZA KI SA TA A JIMLA

A nan ne maki yake zubewa a jarrabawar WAEC da NECO, don haka ki ɗauko biro.

Na farko, kalmar china tana cikin sunayen da ba a ƙirga su a Turanci. Kamar dai yadda ba kya cewa "gari uku" in kina nufin garin tuwo, sai dai ki ce kwano uku na gari. Saboda haka ba a ƙara mata s a ƙarshe, ba a kuma sa mata a a gaba ita kaɗai. Kada ki rubuta "chinas", kada ki rubuta "I bought a china". In faranti ɗaya kika saya, ki ce "I bought a china plate", ko "a piece of china". In saiti ne, ki ce "a set of china".

Na biyu, ko da farantan sun kai ɗari, Turanci yana ɗaukarsu tamkar abu guda. Ki ce "The china is in the cupboard." Kada ki sa are a wurin. Haka dokar take a kan furniture, wato su gado da kujeru, da luggage, wato kayan matafiyi. Duk 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma masu shirya jarrabawa suna son su ƙwarai wajen ɗana tarko.

Na uku, ki bambanta "made in China" da "made of china". Na farkon yana faɗin ƙasar da aka ƙera abu, na biyun yana faɗin abin da aka ƙera shi da shi. Bokitin roba da tocila da wayar hannu duk ana iya ƙera su a ƙasar Sin, amma babu tangaran a cikinsu. Faranti kuma ana iya yin sa a Ingila ko Jamus, a kira shi china, domin da tangaran aka yi shi. 'Yar kalmar in da of ce ta raba su, ɗan hakin da ka raina kuwa shi ke tsone maka ido.

Na huɗu, akwai wani salon magana da za ki iya gamuwa da shi a takardar tambaya: "like a bull in a china shop". A zahiri yana nufin bijimin sa ya faɗa kantin tangaran. Ki ƙiyasta a ranki a kwance bijimi daga kasuwar Sheme a tura shi ɗakin amarya kwana biyu da jere. Me zai rage? Ana faɗar wannan ga mutum mai garaje, wanda ba ya iya lallaɓa abu ko magana, irin wanda in an aike shi sasanta mata da miji sai ya dawo da takardar saki.

'YAN'UWANTA DA KE RIKITA MUTANE

Crockery ita ce kalmar da ta fi faɗi. Ta haɗa duk farantai da kofuna da kwanukan cin abinci da aka yi da gasasshiyar ƙasa, masu tsada da masu araha. Asalinta daga crock ne, wato tukunyar ƙasa. Ita ma ba a ƙirga ta, babu "crockeries". Turawan Ingila ne suka fi amfani da ita, mutanen Amurka sun fi cewa dishes.

Cutlery kuwa su cokali ne da wuƙa da cokali mai yatsu. 'Yan makarantar kwana ku lura, in an rubuto cutlery a takardar kayan komawa makaranta, cokali ake nufi, kada ki ɗauki faranti kaɗai ki tafi ki riƙa aro.

Utensils kayan aikin girki ne gaba ɗaya, su ludayi da muciya da mara da matsami da tukwane.

Earthenware kayan yumɓu ne irin namu, su randa da tulu da kasko da tukunyar ƙasa.

Enamelware shi ne kwanon fenti, su langa da fanteka da kwanon sha. Ƙarfe ne aka shafe da ruwan gilashi aka gasa, shi ya sa in ya faɗi ba ya fashewa, sai dai ya ɓantale ya yi baƙi a wurin. Kada ki kira shi china.

Ceramic ita ce uwar su randa da tangaran duka, wato duk abin da aka yi da ƙasa aka gasa a wuta, har da tayil ɗin daɓen ɗaki. Daga harshen Girka ta fito.

Sai porcelain, wadda take nufin tangaran na ainihi mai tsantsar kyau. Wannan kalmar tana da labari mai daɗi. Daga harshen Italiya ta fito, kuma asalin ma'anarta wuri, wato ɗan farin ƙoƙon tekun nan da kakanninmu suke ciniki da shi kafin zuwan sulalla. Da mutanen Italiya suka ga tangaran ɗin Sin fari tas mai santsi, babu abin da ya zo musu a rai sai wuri. A Hausa kuma jam'in wuri shi ne kuɗi. Ashe dai tun asali tangaran da kuɗi ba sa rabuwa!

SARKIN DA YA BA DA SOJOJI YA KARƁI TULUNA

Birnin da ya fi shahara da aikin tangaran a ƙasar Sin shi ne Jingdezhen, a lardin Jiangxi. A ƙarni na 14 ne suka shahara da farin tangaran mai zanen shuɗi, kuma sinadarin shuɗin daga Farisa ake kawo musu shi a lokacin. Mashahurin matafiyin nan ɗan Maroko, Ibn Baɗuɗa, ya ba da labarin tangaran ɗin Sin a littafin tafiye-tafiyensa, ya ce ana kai shi Indiya har ma ƙasarsu. Shi ne kuma mutumin da ya iso Takadda, a ƙasar Nijar ta yau, a shekarar 1353.

Turawa kuwa sun yi ɗaruruwan shekaru suna saye da tsada ba su san yadda ake yi ba. Sun gwada haɗa gilashi da ƙasa, sun gwada wannan sun gwada wancan, abu ya ƙi yin kama da na Sin. Akwai wani sarki a Saxony ta ƙasar Jamus mai suna Augustus, wanda son tangaran ya zame masa ciwo. A shekarar 1717 ya ɗauki sojojin doki 600 ya ba Sarkin Prussia, aka ba shi tangaran guda 151 a madadinsu. Ki ji fa, 'ya'yan mutane ɗari shida, masu iyaye da mata, aka musanya da tuluna! Har yau wasu daga cikin tulunan suna gidan tarihi a birnin Dresden.

Wannan sarkin ne ya tsare wani saurayi mai suna Böttger, wanda ya yi cika-bakin zai iya juya ƙarfe ya koma zinariya. Zinariya dai ba ta samu ba, amma shi da wani masani mai suna Tschirnhaus sun dace da sirrin tangaran a 1708, kuma a 1710 aka buɗe masana'antar Meissen, wadda take aiki har gobe. A 1712 kuma wani limamin Kirista ɗan Faransa da ke zaune a ƙasar Sin ya rubuto doguwar wasiƙa yana bayyana yadda ake aikin a Jingdezhen dalla-dalla. Daga baya a Ingila, wajajen 1790 zuwa 1800, gidan Spode da ke Stoke-on-Trent suka kyautata wani nau'i da ake kira bone china. A haɗinsu na asali kusan rabi tokar ƙashin shanu ce, shi ya sa yake da sauƙin ɗauka ga ƙarfi ga haske.

Abin dariya, yau a kasuwanninmu in an ce abu "ɗan caina ne" ana nufin mai araha wanda ba ya ƙarko. A zamanin da kuwa, sarakuna da masu hali ne suke iya cin abinci a kwano ɗan caina. Duniya ke nan, juyi-juyi.

SIRRIN YANA NAN ƘANƘARA

To mene ne sirrin da ya gagari Turawa? Abu biyu ne: farar ƙasa da wuta mai tsanani.

Ana haɗa farar ƙasa da garin wani dutse mai narkewa da farin yashi, a kwaɓa, a gina, a shafa masa ruwan ƙyalli, sannan a gasa a zafin da ya kai digiri 1,200 zuwa 1,400. Ki tuna ruwa a digiri 100 yake tafasa. A wannan zafin dutsen yakan narke ya toshe duk wata 'yar kafa, sai kwanon ya zama kamar gilashi, ruwa ba ya ratsa shi. Randarmu kuwa wutar da ake gasa ta ba ta kai digiri 1,000 ba, don haka ƙananan kafofinta suna nan. Ta nan ruwa yake tsattsafowa, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Shi ya sa ruwan randa ya fi na kofin tangaran daɗi a watan bazara. Kowane da ranarsa.

Ita wannan farar ƙasa sunanta a Turanci kaolin, daga sunan wani tudu mai suna Gaoling kusa da Jingdezhen inda ake haƙo ta. Wani sunan nata kuma china clay, wato yumɓun tangaran. Ku 'yan Ƙanƙara da Faskari, ba sai an kai ku Birnin Sin ba. Ƙasar Ƙanƙara tana cikin wuraren da suka fi suna da farar ƙasa a duk Nijeriya, kuma malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun daɗe suna gwaje-gwaje a kanta. Ban da tangaran, ana sa irin wannan ƙasa a fenti da takarda da wasu magunguna. A jami'ar kuma akwai sashen da ake koyar da aikin tangaran tun daga haɗa ƙasa har gashi.

In kina ganin aikin ƙasa ba na mace mai aji ba ne, ɗauko takardar naira 20 ki juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya sunanta Ladi Kwali. Ta shiga makarantar koyon aikin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a shekarar 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Tukwanenta sun kai ta Ingila da Amurka, ta rasu a 1984. Me zai hana wata rana a ce ga 'yar Faskari ta buɗe masana'antar tangaran da ƙasar Ƙanƙara? Muna tattaka arziki da ƙafa, muna sayo shi daga ƙetare da tsada.

IN ZA KI SHIGA KASUWA

Ko a Funtuwa ne ko a Kano, in kun je sayen kayan jere ke da Gwaggo, ga yadda za ki gane na ƙwarai.

Ki ɗaga farantin ki duba ta wajen rana ko fitila, ki sa yatsunki a bayansa. Tangaran na ainihi marar kauri yakan nuna inuwar yatsun. Ki riƙe shi a tafin hannu ki ɗan ƙwanƙwasa gefensa da farce, mai kyau zai yi ƙara siririya kamar ƙararrawa, wanda ya tsage ko marar kyau sai ki ji "ƙwas". Ki kifa shi ki duba gindinsa inda ba a shafa ƙyalli ba, ki ɗiga ruwa. In ya shanye, to ba a gasa shi sosai ba.

Akwai kuma farantan roba masu tauri da ake kira melamin, waɗanda suke kwaikwayon tangaran. Suna da amfaninsu a gidan yara, sai dai kada a sayar miki da su a kuɗin tangaran, kada kuma ki zuba musu tafasasshen mai ko ki sa su a na'urar ɗumama abinci.

Wajen kula kuwa, kada ki kwarara tafasasshen ruwa a kofi mai sanyi ƙarara, musamman da hunturu, zai iya tsagewa. Kada ki dirje shi da soson ƙarfe ko yashi. In za ki jera farantai bisa juna ki sa ɗan ƙyalle a tsakani. Wanda ya tsage ki daina cin abinci a ciki, domin datti yana maƙalewa a tsagar.

Ga wata magana mai muhimmanci. Wasu farantan ado masu zane rambatsau a ciki, musamman tsofaffi da marasa tambarin kamfani, akan sami dalma a fentinsu. Abu mai tsami irin su kunun tsamiya da zoɓo da lemun tsami yana iya narko da ita ta shiga abinci. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara mun san sharrin dalma, domin a 2010 gubarta ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya. Abin da ke faranti bai kai wancan yawa ba, amma dalma taruwa take yi a jiki, kuma ta fi cutar da ƙananan yara da masu juna biyu. Don haka na ado ya tsaya a kabad. Na cin abinci ki zaɓi wanda cikinsa fari ne sumul.

MAGANAR DA NAKE DA KE DA INNA

Yanzu mu shiga ɗakin amarya. A zamanin kakanninmu, jere ƙwarya ce da faifai da akushi, sai tasa ga masu hali. Daga baya kwanon fenti ya shigo, har 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa masana'antunsa a Kano da Ikko wajajen shekarun 1960, ɗaki ya koma langa bisa langa har rufi. Aka yi yayin samira, aka yi na kuloli, yanzu ga mu a zamanin saitin tangaran. Kowane zamani akwai yarinyar da ta yi kuka don ba a saya mata na yayi ba, kuma kowane ɗaya daga cikin kayan nan yayinsa ya wuce. Wanda kike kuka a kansa yau ma zai wuce.

Ba na ƙin kayan ɗaki. Al'ada ce mai kyau, dukiyar mace ce ta kanta, tana rufa mata asiri ranar da ta shiga matsi, kuma kowace uwa tana son ta fita kunyar 'yarta. Abin da nake ƙi shi ne abin da muke gani yanzu. Sai yarinya ta tasa uwarta gaba da kuka: "Ni dai Inna, in ba saiti uku irin na wance ba, gara a fasa." Inna ta shiga adashi biyu, ta sayar da akuyoyinta. Baba ya jinginar da gonar gado, ko ya sayar da masarar da za a ci har damina. A cire ƙanwa daga makaranta don babu kuɗin jarrabawa. Ranar jere 'yan ganin ɗaki su shigo su ƙirga, su yi guɗa, su taɓe baki duk da haka, su watse. Bayan wata shida amarya tana cin tuwo a kwanon silba, tangaran yana kabad yana shan ƙura, masu bashi suna sallama a ƙofar gidan Baba. Haba 'yan mata! Me ya raba wannan da sarkin da ya ba da mutane ya karɓi tuluna?

Ku tuna sadaki shi ne wajibi a aure, saitin tangaran ba ya cikin sharuɗɗan. Ba a taɓa ɗaura aure liman ya tambayi yawan faranti ba. Namijin da zai wulaƙanta ki don saitinki ɗaya ne, ko goma aka jera miki zai nemo wani dalilin. Ku ma iyayen miji da dangin ango, a ji tsoron Allah a daina gori a kan kayan ɗaki, domin gorin nan shi ke tura iyayen amarya cikin bashi.

Mu mutanen wannan yanki mun ga abin da ya ishe mu darasi. Ba mu manta da daren 11 ga Disamba 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, Allah Ya sa aka sako su bayan kwana shida. A shekarun nan kuma mun ga iyalai da yawa daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa sun baro gidajensu cikin dare. Ku tambayi matan da abin ya shafa, wace ce ta ɗauko kabad? Goyo aka ɗauka da zanen jiki. Wadda ta iya ɗinki ta tafi da ɗinkinta, wadda ta iya karatu ta tafi da karatunta, wadda take da takardar shaidar koyarwa ko ta aikin jinya ta naɗe ta a ɗankwali, ta sami abin ciyar da 'ya'yanta a inda ta sauka. Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, Ya mayar da kowa gidansa.

Don haka ga shawarata. In aurenki ya taso, ki sami Inna ku biyu a ɗaki, ki durƙusa ki ce: "Inna, don Allah kada a ci bashi saboda ni. A saya mini saiti ɗaya na baƙi, da kwanukan da zan yi amfani da su kullum. In akwai saura a saya mini keken ɗinki, ko a biya wa ƙanwata kuɗin jarrabawa." Wallahi albarkar da za ta sa miki a ranar ta fi kabad goma. In Allah Ya buɗa muku ke da maigida, kya sayi tangaran ɗinki a hankali da guminki, wanda kika zaɓa da kanki. Daidai ruwa daidai tsaki.

AIKIN GIDA

Kafin mu rabu ga ɗan aiki. Ki gyara waɗannan jimlolin guda uku:

1. My aunt bought many chinas for the bride.
2. The crockery are on the table.
3. This cup is made of China.

Sannan ki fassara wannan zuwa Turanci: "Farantin tangaran ɗin Inna an yi shi a Ingila." Ki rubuto amsarki tare da sunan makarantarku, za mu kawo gyaran a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. A nan ne kuma za mu duba kalmomin da suka shafi lefe da sadaki, domin mutane da yawa suna haɗa dowry da bride price, alhali kowace da inda ta dosa.

Ku gaishe mini da su Inna da su Gwaggo. Allah Ya ba 'yan makaranta sa'ar jarrabawa, Ya ba 'yan mata mazaje nagari, Ya zaunar da amare lafiya a ɗakunansu. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.